Yarona ya ci 241 a JAMB bai samu ba, ɗan maƙwabcinmu da 187 ya samu. Kwas ɗin ne matsalar?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar jami'a, don abin nan ya hana ni barci. Yarona na fari shekara ta biyu ke nan yana zana JAMB, bara ya ci 226, bana ya ci 241, duka biyun likitanci ya cike kuma duka biyun shiru. Kullum da asuba ko koko bai sha ba sai ya karɓi wayar mahaifiyarsa ya buɗe CAPS, shafin JAMB da ake duba admishan, ya duba ya ajiye bai ce wa kowa komai ba. To ga ɗan maƙwabcinmu da suka gama sakandare tare, 187 ya ci, jami'a ɗaya suka cike, shi sunansa ya fito tun satin jiya an ba shi Jogirafi har ya ciro takardar admishan. Ni dai sanina wanda ya fi maki shi ake fara ɗauka. Shin kwas ɗin da yaro ya zaɓa ne yake hana shi ko kuwa sai da hanya kamar yadda mutane ke faɗa? In kuma kwas ɗin ne, in sa shi ya canza ko ya sake jira? Shekarunsa 19 yanzu, zaman gidan ya fara canza masa hali.

Ummu_Sudais:
Wa'alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya sanyaya masa. Mun ga irin wannan a gidanmu, ba daɗi.

MalaminKemistiri:
Alhaji kwas ɗin ne, kada ma ka yi nisa da tunani. Yaronka da ɗan maƙwabcinku ba layi ɗaya suka bi ba ko da yake jami'a ɗaya suka cike. Ka ɗauki abin kamar tasha, kowa ta ƙofa ɗaya ya shigo amma motar da kowa zai hau daban ce. Motar likitanci kujerunta kaɗan ne ga fasinja sun yi dafifi, motar Jogirafi kuwa wani lokacin har neman cikon mutum ake. Shi yaronka ba da mai 187 ake auna shi ba, da sauran waɗanda suka cike likitanci a wannan jami'ar ake auna shi, kuma a cikinsu akwai masu 280 da 300 da ɗoriya. Shekara 14 ina koyar da 'yan SS3, duk ajin sayans da na shiga na ce wa zai yi likita sai kusan kowa ya ɗaga hannu, daga na ɗaya har na kashin baya. Nan matsalar take farawa.

Sarkin_Yakin_Kofar_Mata:
Malam ka bar zancen mota. Hanya ce kawai. In kana da wani babba ko 200 ka ci za ka shiga. Mu da muke gari mun sani.

TsohonMagatakarda:
@Sarkin_Yakin ban ce ba a taɓa yin alfarma ba, ƙasar nan kowa ya san ta. Amma in muka ce komai hanya ce, mun hana Alhaji ganin abin da yake hannunsa ya gyara. Na yi aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai kafin in yi ritaya, bari in faɗi yadda tsarin yake.

Makin da JAMB da shugabannin makarantu ke sanarwa kowace shekara, kamar 140 da aka yi ta yi a 2022 zuwa 2024 da 150 da aka sa wa jami'o'i a 2025, wannan ƙasan ƙasa ne, wato kada wata jami'a ta sauka ƙasa da shi. Ba yana nufin wanda ya haye shi ya samu ba. Jami'a tana da nata makin, sannan kowane sashe yana da nasa, kuma na sashe yawan masu nema da yawan kujeru ne ke yanke shi.

Su kuma kujerun likitanci ba shugaban jami'a ne ke cewa bana a ɗauki kaza ba. Hukumar MDCN mai kula da likitoci ita ke ba kowace makaranta adadi bayan ta duba malamai da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa. Makarantar da ta ɗiba fiye da adadinta za ta iya shiga matsala da hukumar, yaran su gama a rasa yadda za a yi musu rajistar aiki. Haka shari'a, majalisar da ke kula da makarantar horar da lauyoyi ita ma tana yanka wa kowace jami'a adadi. Famasi da nasin duk suna da hukumominsu. Shi ya sa waɗannan kwasa-kwasan suke da tsauri, ba don mugunta ba.

Sannan a jami'ar tarayya kujerun ma raba su ake: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, wato mafi maki daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa an bar su a baya a ilimin boko, galibin na Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas suna ciki har da wasu na kudu kamar Ebonyi da Bayelsa. To in ka ga mai 235 ya shiga mai 241 bai shiga ba, ba lallai hanya ba ce, ƙila ta ƙofar jiharsa ya shiga, ko kuma ya fi shi a Post-UTME, tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB. Tun da aka kawo CAPS a 2017 zamanin shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede, jerin masu nema na kowane kwas a jere yake bisa maki, kuma JAMB na gani, tsallake na sama a ɗauki na ƙasa sai an yi bayani.

Sarkin_Yakin_Kofar_Mata:
Baba na ji bayaninka kuma na gode, amma ni abin da idona ya gani ba zan janye ba.

Hajiyar_Tudun_Wada:
Baba Magatakarda Allah ya saka da alheri, wallahi yau na fahimci abin da ake nufi da kaso ɗin nan. Shekara nawa ina ji ana faɗa.

Dan_Kafe:
Alhaji kafin komai a duba abu biyu. An ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinsa a kan fotal ɗin JAMB? Yara da yawa lokacin rajista sakamako bai fito ba, daga baya su manta su koma su ɗora, kuma in babu shi a CAPS ba wanda zai ba ka admishan ko 350 ka ci. Na biyu kiredit ɗinsa biyar ɗin nan, Turanci, Lissafi, Fizik, Kemistiri, Bayoloji, a zama ɗaya ya same su ko haɗawa ya yi? Don makarantu da yawa a likitanci ba sa karɓar haɗi.

Baban_Khalifa:
@Dan_Kafe an ɗora, ni da kaina na raka shi. Kuma zama ɗaya ne, WAEC, Fizik ɗin ne kawai C6, kiredit na ƙarshe.

Yar_Zazzau:
Tunda an zo maganar rajista bari in faɗi nawa ko wani zai amfana. Ni shari'a na so, na ci 252, amma wanda ya cike min fom a wata cibiya ya sa min Ikonomiks a maimakon Adabin Turanci, ni kuma lokacin ban san komai ba, ya juyo min da allon kwamfutar ya ce duba, ga layi a bayana har bakin titi rana na dukan mutane, na ce daidai ne na dangwala yatsa na fito. Sai da aka zo tantancewa aka ce haɗin darussana bai dace da abin da jami'ar ke nema ba. Na zauna a kan dakalin wajen na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Shekara guda ta tafi a kan minti biyu. Don Allah iyaye ku buɗe kundin JAMB ɗin nan ku karanta sharaɗin kwas da na makarantar tun kafin a je rajista, kyauta yake a intanet.

Abba_Injiniya:
Shawarata mai sauƙi ce. Ya canza zuwa Bayokemistiri ko Anatomi ko Fisiyoloji ya shiga tukun, in ya yi ƙoƙari a ajin farko sai ya tsallaka likitanci. Da zaman gida ai gara haka.

Mai_Maikurobayoloji:
@Abba_Injiniya don girman Allah a daina ba yara wannan shawarar kamar abu ne tabbatacce. Da ita aka shigar da ni. Aka ce ka shiga kawai, ƙarshen shekara za ka tsallaka. Ranar farko a ɗakin lakca ana hira sai na tarar kusan duk wanda ke kusa da ni da wannan niyyar ya zo. Na yi karatu kamar zan mutu, makina ya yi kyau sosai, da na je neman fom ɗin canjin sai aka ce babu gurbi, kujerun cike suke tun daga ƙofa. Kuma gaskiyarsu ce, ai adadin da Baba Magatakarda ya faɗa bai ƙaru ba don ni na shigo ta baya. Sai da na kai aji uku kafin zuciyata ta haƙura na fara son abin da nake karantawa, yanzu alhamdulillahi ina aiki a ɗakin gwaji kuma ina jin daɗinsa, amma shekara biyun farko a cikin baƙin ciki na yi su. Duk wanda zai canza kwas ya canza da niyyar shi zai gama. In tsallakawar ta zo to falala ce.

Abba_Injiniya:
Na yarda ba kowa ke samu ba. Amma akwai waɗanda suka samu, abokina ɗaya ya samu.

Mai_Maikurobayoloji:
Ɗaya. Mu nawa ne muka rage a baya?

Dakta_Mai_Tiyata:
Alhaji 241 maki ne mai kyau, a gaya wa yaron haka don kada ya ɗauka shi daƙiƙi ne. Cikin 400 ake lissafi kuma mafi yawan masu zana jarabawar ba sa kai 200. Sai dai a manyan makarantun da kowa ke rububi, irin ABU da BUK da Danfodiyo da Maiduguri, wanda ke son likitanci da kwanciyar hankali yana buƙatar sama da haka sosai, ya kuma yi ƙoƙari a Post-UTME in makarantar tana yi, tunda kowace da yadda take haɗa lissafinta.

Abin da nake gani mutane ba sa lura da shi, kwas da makaranta tare suke tafiya. Kwas ɗaya ne amma layinsa a wata jami'ar ya fi na wata tsawo. Jami'ar jiharku, in tana da likitanci, 'yan jiha take fifitawa. Akwai kuma sababbi kamar jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya da ke Azare. Ban ce can sauƙi ne ba, su ma kujerunsu kaɗan ne, amma a bincika, a kuma tabbatar makarantar tana da amincewar MDCN kafin a kai yaro. Kuma zaɓi na farko shi ne zaɓi, yawancin jami'o'i ba sa ko kallon wanda ya sa su na biyu.

Wani abu kuma, shiga ɗin ba shi ne ƙarshen wahala ba. Shekara shida ce, ajin farko ma in ka faɗi ana iya mayar da kai wani sashe, ga babbar jarabawar Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistiri tana jira a gaba. Na ga yaran da aka yi ta faɗi-tashi aka shigar da su, bayan shekara uku suka fito ba likita ba digiri. Wanda ba shi ne ya so abin da kansa ba, da wuya ya jure.

Ummu_Sudais:
Dakta wannan magana ta ƙarshe ta taɓa ni.

Bakin_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ni daga Maraɗi nike. Mu nan Nijar tun daga lise, wato babbar sakandare, ake raba hanya, wanda ya yi BAC, jarabawar gama lise, seri A na adabi ba shi zuwa karatun lokotoro, sai mai seri D ko C na kimiyya. To yaro tun yana ɗan shekara sha shida an riga an buɗe mishi wata ƙofa an rufe wata. Kuma ko ka samu BAC ɗin, tsangayar lafiya ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi ba su iya ɗaukar duk mai so. Ciwon guda ne, kowane uba ɗa lokotoro yake so.

MalaminKemistiri:
@Bakin_Maradi mu ma haka ne ai, daga SS1 ake raba sayans da at da kasuwanci. Kuma gwamnati ma sayans take fifitawa, ƙa'idar ita ce kashi 60 sayans kashi 40 sauran a jami'o'in gama-gari. Abin da ke ba ni takaici shi ne duk da wannan kason, yaranmu a kwas huɗu ko biyar suke cunkushewa, a bar Fizik da Lissafi da Aikin Gona da Kimiyyar Ƙasa da Kididdiga suna neman mutane.

Malama_Mai_Alli:
Ni akwai abin da ke damuna a yadda ake maganar nan. Kowa sai ya ce in ka rasa ka tafi Edukeshan, kamar wani juji ne. A tsangayar ilimi nake koyarwa, duk shekara sai an turo mana yaran da ba su cike mu ba, su zo fuska a murtuke, suna ɓoye wa abokansu abin da suke karantawa. Su ne fa gobe za su koyar da 'ya'yanku Fizik ɗin da za su ci JAMB da shi. Yaron Alhaji C6 ya samu a Fizik, a tambaye shi ko ya taɓa samun malamin Fizik tsayayye shekara uku a jere. Makin shiga wurinmu ƙasa yake don masu nema ba su da yawa, ba don karatun ba shi da daraja ba. In yaro mai 241 zai zo mana da son ransa wallahi da hannu biyu za mu karɓe shi.

Sarkin_Yakin_Kofar_Mata:
Malama a gyara albashin malamai tukun, za ki ga layi. Yaro yana ganin malaminsa na tafiya a ƙasa ba zai cike Edukeshan ba.

Malama_Mai_Alli:
Wannan kam ban musa maka ba.

Kano_to_Ohio:
Gaisuwa daga Amurka. Abin da ya ba ni mamaki da na zo nan, likitanci da shari'a ba a shigarsu daga sakandare, sai ka gama digirin farko na shekara huɗu, mai son likita ya zana jarabawar share fage ta MCAT sannan ya nemi makarantar likitanci. Kuma jami'o'i da yawa za ka iya shiga ba ka zaɓi kwas ba sai wajen ƙarshen shekara ta biyu. Amma kada a ɗauka nan babu irin matsalar, inda ake ɗauka sashe-sashe kimiyyar kwamfuta da injiniyarin da nasin sun fi sauran wuyar shiga nesa ba kusa ba, irin Carnegie Mellon da jami'ar Illinois kowa ya san kwamfutarsu ba wasa. Yara nan ma suna yin dabarar @Abba_Injiniya, su cike kwas mara cunkoso da niyyar tsallakawa, to masu ɗaukar suna duba darussan da ka yi da abin da ka rubuta game da kanka, in ba su yi kama da kwas ɗin ba za su gane, wasu makarantun kuma sun ƙuntata tsallakawar sosai. A Ingila kuwa kwas kake nema kai tsaye ta UCAS, hukumarsu ta neman gurbin jami'a, zaɓi biyar, kuma huɗu kawai aka yarda ka sa likitanci, na biyar ɗin in za ka sa dole wani abu daban. Ni wannan tsarin ya burge ni, tun farko an tilasta maka ka yi tunanin in ba a samu ba fa.

Hajiyar_Tudun_Wada:
To in da hali ba sai a fitar da shi waje ba? Yaran unguwarmu da yawa Sudan da Masar suka yi.

Dalibin_Khartoum:
Hajiya a yi tunani sosai. Ina aji huɗu a Khartoum yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, da jaka ɗaya muka fito, takardunmu ma sai daga baya aka yi ta fama. Kafin mu 'yan Yukren sun ga nasu a 2022. Ga canjin dala yadda ya koma. Sannan ko ka gama lafiya sai ka dawo ka zana jarabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin a ba ka lasisi. Ban hana kowa ba, akwai makarantu masu kyau, amma ba gajeriyar hanya ba ce kamar yadda ake ɗauka.

Dan_Funtua:
Ba wanda ya ambaci IJMB, karatun share fagen shiga jami'a. ABU ce ke kula da shi, kamar shekara ɗaya ne, in ka ci da kyau ka nemi shiga aji biyu ta DE, wato shiga kai tsaye. Ni ta nan na bi na shiga Famasi bayan JAMB ta ƙi ni sau biyu. Ko ba komai yaro yana aji yana karatu, ba ya zaune a gida yana kallon silin.

TsohonMagatakarda:
@Dan_Funtua hanya ce mai kyau, amma a faɗa wa Alhaji gaskiya, kujerun DE a likitanci sun fi na masu zana jarabawar JAMB ƙaranci, kuma a kansu mai IJMB zai haɗu da masu digiri a Anatomi da Fisiyoloji da suka dawo nema. Cunkoson yana nan, ƙofa ce kawai ta canza. Kuma a kula da cibiyoyin bogi, a tabbatar cibiyar tana cikin waɗanda aka amince da su.

Auta_SS3:
Ku yi haƙuri iyayena ni yarinya ce a cikinku, bana zan zana tawa. Tun ɗazu ina karantawa ban ga wanda ya tambayi shi Khalifan me yake so ba. A ajinmu akwai waɗanda babansu ne ya cike musu kwas su ko a faɗa musu ba a yi ba. Mu mata kuma da ka ce sayans sai a ce nasin ko likita, wai don mata su duba mata, kuma gaskiya ne ana buƙata, amma ni lissafi nake so kuma ina jin kunyar faɗa a gida.

Dakta_Mai_Tiyata:
'Yata kin yi tambayar da ta fi duk abin da na rubuta. Kuma ki faɗa a gida, ki samu wanda babanki ke jin maganarsa ya raka ki.

Malama_Mai_Alli:
Auta ki riƙe lissafinki. Allah ya yi miki albarka.

Baban_Khalifa:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya ban iya amsawa ba saboda maganar yarinyar nan Auta ta tsaya min a rai. Bayan isha'i na kira shi muka zauna a ƙofar gida mu biyu, na ce Khalifa tsakaninka da Allah likitan nan kai kake so ko ni. Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma bai ɗago ba, sannan ya ce Baba tun ina firamare kake ce min dakta, ban san yadda zan ce maka wani abu ba. Wallahi sai da na ji hawaye. Mahaifiyata a hannuna ta rasu muna jiran likita, tun ranar na ƙudura a raina in Allah ya ba ni ɗa sai ya zama likita, ban taɓa tsayawa na tambaye shi ba. Ashe shi wutar sola da haɗa inbata yake so, duk zaman gidan nan wurin wani mai sola a bakin kasuwa yake yini, ni ina ɗauka yawo yake zuwa. Yanzu ya ce injiniyan lantarki yake so. To sai mu je mu canza zuwa can ko?

MalaminKemistiri:
Alhaji Allah ya saka maka, ba kowane uba ne zai yi wannan zaman ba. Amma akwai matsala, kada ku kashe kuɗin canji a banza. Wanda ya cike likitanci Turanci da Fizik da Kemistiri da Bayoloji ya zana. Injiniyarin kuwa Lissafi ake nema a wurin Bayoloji. Darasin da aka riga aka zana ba ya canzuwa, don haka da sakamakon bana ba zai shiga lantarki ba. Abin da haɗinsa zai buɗe masa su ne irin Bayokemistiri, Maikurobayoloji, likitan dabbobi, Aikin Gona, da sauran na ɓangaren lafiya, su kuma Famasi da nasin da gwajin jini cunkosonsu ya kusa na likitancin.

Abba_Injiniya:
Malam ya yi gaskiya, wannan kam na janye tawa shawarar. In lantarki yake so ya sake zama da Lissafi, mai 241 da Fizik da Kemistiri a hannu in ya dage zai samu. Ga ATBU a Bauchi, ga ta Wudil, ga ABU da BUK. Ko ya yi difloma ta ND a poli ya shiga ta DE, masu ND ma hannunsu ya fi faɗawa a aiki. Kuma kada a hana shi zuwa wurin mai solar nan.

Ummu_Sudais:
Ni kuwa tsoron shekara ta uku a gida nake ji masa. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, in an bar 241 ɗin nan ta tafi ke nan, kuma ba wanda ya san abin da zai ci baɗi. Ɗan yayata haka ya yi ta jira har ya daina zanawa gaba ɗaya. Da ni ce da na karɓi abin da ya samu bana.

Mai_Maikurobayoloji:
Hajiya ya karɓa ya yi shekara huɗu a abin da ba ya so? An fitar da shi daga zaɓin babansa a kuma jefa shi zaɓin tsoro?

Ummu_Sudais:
Ɗana kai da bakinka ka ce yanzu kana jin daɗin aikinka.

Mai_Maikurobayoloji:
Na faɗa, amma ban san me zan zama ba da an bar ni na sake gwadawa.

Dan_Funtua:
IJMB da Lissafi, Fizik, Kemistiri ta warware wannan gardamar ai. Ba zaman gida, kuma aji biyu zai nema.

Dan_Kafe:
Ko me kuka yanke Alhaji, ku riƙa duba CAPS ɗin. Wani lokacin jami'a da kanta take tura wa yaro tayin wani kwas, sai ya amince ko ya ƙi. Kada ya danna amincewa da gaggawa, in ya karɓi admishan an rufe maganar bana. In kuma canji za ku yi ku je ofishin JAMB ko cibiyar da aka amince da ita, kuma ku fara tambaya ko jami'ar ba ta rufe karɓar masu canji ba.

Baban_Khalifa:
To madalla. Ranar Litinin za mu je ofishin JAMB ni da shi mu ji, daga nan mu biya mu tambayi kuɗin IJMB ɗin. Mahaifiyarsa dai har yanzu tana ɓangaren Ummu_Sudais, ta ce kada a saki na hannu. Zan dawo in faɗa muku yadda muka yi in sha Allahu.

Hajiyar_Tudun_Wada:
Allah ya zaɓa masa mafi alheri. @Yar_Zazzau don Allah ki duba saƙona, tawa 'yar tana SS2 kuma shari'a take so, makarantarsu ba malamin Adabin Turanci tun zangon da ya wuce, ban san ko in canza mata makaranta ba ko in nemo mai lesin.